Gurbi Ɗaya a Teburin Yanka

A kamfanin ɗinkin da muka yi wa aiki, kowace mace da gaɓar da take ɗinkawa. Wata hannun riga, wata aljihu, ni maɓalli, ita kuwa Jirgi kwala. Mu muka laƙaba mata sunan, don kafin ki gama zura zare a allura ta tara kwala tuli guda a gefen kekenta. Da yake gwargwadon abin da kika ɗinka ake biyan ki, duk ƙarshen wata ita ke biyawa ta wajen mai nama, mu mu bi ta da ido.

A ƙarshen zauren akwai dogon tebur inda wani tsoho yake yanka yadi. Duk cikinmu shi kaɗai ya san yadda ake fitar da riga daga shimfiɗaɗɗen ƙyalle. Da idonsa ya fara rauni sai ya nemi wadda zai koya wa, kuma Jirgi ya fara tunkara. Sharaɗin shi ne ta bar keke, ta koma albashin 'yan koyo har sai ta iya. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, in bar kuɗi a kan keke in zo in riƙe maka alli? Allin za mu ci a gida?"

Wadda ta yarda ita ce Hawainiya, wata mai sanyin jiki da kullum ita ce ta ƙarshen gamawa. Mun yi mata tsiya ba kaɗan ba. Ana cin abincin rana tana gefe da busasshen burodi, hannu duk farin alli, tsoho na yi mata faɗa.

Shekaru suka ja. Wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofar kamfani, wai aiki ya daina shigowa. Aka ba mu ɗan abin sallama, kowa ta kama gabanta. Lokacin mijin Jirgi yana kwance. Magini ne, ya faɗo daga bene, ƙugunsa bai sake ɗaukarsa ba. Ta sayi keke na hannu da kuɗin sallamar, ta kafa a baranda, ta ce daga yau ba ta da shugaba.

Ni na fara kai mata aiki, yadin da na daɗe ina ɓoyo a ƙasan akwati. Ta shimfiɗa shi a tabarma, ta ɗora tsohuwar rigata a kai, ta bi gefenta da almakashi daidai wa daida, ba ta bar ko ɗan rarar da ɗinki zai ci ba. Da na zo gwadawa rigar ta tsaya mini a kafaɗa, ba gaba ba baya. Hannuwan kuma duka biyun na dama ne. Kwalar kam, ko a shagon masu kuɗi sai haka. Na so in yi dariya, sai na ga fuskarta, dariyar ta maƙale. Mace ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan keke, amma ba za ta iya suturta ko jariri ba. Tausayinta ya kama ni, haushi ma ya kama ni, don ni ma ban da maɓalli ban san komai ba.

Ni na ja ta zuwa shagon Hawainiya. Tsoho ya rasu, ita kuwa ta kama ɗaki biyu a bayan kasuwa, da tebur nata na kanta. Ta tarbe mu hannu biyu, ba ta tayar da tsohon zance ba. Jirgi ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Yaya," in ji Hawainiya, "gurbi ɗaya ne a teburin nan, kuma ba na iya biyan mai koyo, sai abincin rana. Ni ma haya nake biya. In kwala ce, ga keke can, ko yau sai ki fara, in biya ki. Amma mutum ɗaya ba zai yi duka biyun ba."

Jirgi ta shafa teburin, ta ɗauki babban almakashin ta juya shi.

"Yanzu da girmana zan iya kuwa?"

"Sarai. Baba har ya bar duniya yana cewa hannunki ya fi nawa."

Da ma zagin ta aka yi, da ya fi mata sauƙi. Tun a hanyar gida na san ranta ya riga ya zauna a teburin nan.

A gidan Jirgi muka iske babbar 'yarta tana murna. Ta gama sakandare, ga shi an ɗauke ta aiki a kamfanin sabulu, ranar Litinin za ta fara. Da ta ji labarin tebur sai ta tafa hannu.

"Shi ke nan ai, Umma! Ki je ki koya, ni zan riƙe gidan. Albashin da ɗan auki, har maganin Abba zai ishe mu."

Na ga fuskar Jirgi ta washe, rabon da in ga haka tun kafin a rufe kamfani. Ta jawo yarinyar kusa da ita.

"Wane aiki za ki riƙa yi musu?"

"Naɗe sabulu a takarda. An ce masu sauri sun fi samu, ni kuwa kin san hannuna."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan. Naɗewar dai."

Jirgi ta saki hannunta. Ta daɗe tana kallon yatsun yarinyar, sannan ta ce, "Ba za ki je ba. Ke za ki tsaya a tebur. Ni zan hau keke."

Gida ya kaure. Yarinya ta fashe da kuka, ta ce an cuce ta, ƙawayenta za su riƙa ɗaukar albashi ita tana sharar ƙyalle a banza. Maigidan ya ɗaga murya daga kan gado.

"Ke, ki yi wa Allah! Kuɗin kwala a ƙaramin shago ba zai kai na sabulun nan ba. Maganina fa?"

"Za mu riƙa sayen abin da ya samu," in ji ta.

"Wato in kwanta da ciwo don yarinya ta koyi riƙe almakashi?"

"E," ta ce. "Ka yafe mini."

Ya juya fuska bango. Ni da nake baƙuwa na rasa inda zan sa kaina, na sulale na fita.

Ranar Litinin muka hallara a shago, don ni ma an ba ni ɗan aikin maɓalli. Keken Jirgi bango yake kallo, teburin yana bayanta. Yarinyar ta tsaya can ta cika ta yi fam, ido a kumbure. Tun ranar rigimar ba ta yi wa uwarta magana ba, ko gaisuwa sai a daƙile. Keke ya ɗauki ƙara, kwala ta fara taruwa.

Can wajen hantsi Hawainiya ta shimfiɗa yadi ta fara bayani.

"Duba nan, 'yata. Ramin hammata shi ne rabin riga. Na gaba ya fi na baya zurfi, kin san dalili?"

Sai na ji ƙarar keken ta ragu. Na ɗaga kai. Ƙafar Jirgi tana taka feda a hankali, a hankali, har ta tsaya. Ba ta waiwaya ba, ta dai karkatar da kai gefe, ta kasa kunne, leɓenta na motsi tana maimaita abin da ake faɗa.

Hawainiya ta ji shirun, ta leƙo. Ba da mugunta ta yi maganar ba.

"Yaya, mai kayan nan da yamma zai zo, kuma sai ya biya zan iya biyan ki."

"To," in ji Jirgi.

Ta ɗauki wata kwalar ta sa a ƙarƙashin allura, ta danna feda. Bakin Hawainiya ya ci gaba da motsi a kan ramin hammata, amma daga inda muke zaune ba a jin komai sai keke.