Abin Kunnen Ya'u

Ya'u ya bugi bangon da ke tsakaninmu da sandarsa sau uku. Ban ji ba. Bayana ne ya ji, don na jingina da bangon ina lazimi.

Shekara biyu ke nan haka yake kirana. A da ta kan katanga yake ƙwala mani kira. Na ɗauka muryarsa ce ta gaji.

Gidansa da nawa bango ɗaya ne, a Magama, bakin hanyar Maraɗi, kusa da shingen kwastan. Shi mai shayi ne a bakin shingen, ni makaniken manyan motoci. Duk mun ajiye aiki. Ni tsufa ya zaunar da ni, shi ciwo.

Na sa takalmi na shiga. Yana kwance a ɗakin da ke jikin zaure. Ɓarinsa na hagu ya shanye tun damina. Ya ɗaure kai tam da tsohon rawani. Ɗiyarsa Mutmainna na zaune gefe da waya a hannu. Daga gidan mijinta a Riko ta zo jinya, don uwarta ta daɗe da rasuwa.

A waje tirela ta fi talatin a layi, ana jiran takarda. Tun da aka sake buɗe iyaka layin ya kawo har ƙofarmu, kuma direbobi ba sa kashe inji. Ƙasa na rawa. Murfin kwano na rawa bisa kwanon.

Na zauna inda zan ga bakinsa.

"Sarkin kunne, ka iso?"

"Na iso, mai ruwan bunu. Me aka yi?"

"Kwana huɗu ban runtsa ba, Isah. Injin nan cikin kaina yake."

Mutmainna ta ɗaga wayar. "Baba Isah, Yaya Imrana ya aiko saƙon murya har shida. In na rage, inji ya danne. In na ƙara, Baba ya ce kamar ana buga mashi ƙusa. Har yau bai ji ko ɗaya ba."

Imrana shi ne ɗansa namiji guda, direba ne a Agadas. Ranar yana can cikin sahara da kaya. Ko ya juyo nan take, sai ya yi sati a hanya. Malamin asibiti kuwa ya zo jiya ya auna Ya'u. A ɗaki bai ce komai ba. A ƙofar gida ya ce mana a sanar da na nesa.

"Yaya ya ce a sayi hedifon," in ji ta. "Abin sawa a kunne, marar waya, irin wanda ke kashe ƙarar waje. Ya turo abin saye. Akwai su wurin Faruk a bakin tasha. Amma ya ce jabu sun fi na kirki yawa."

"Isah zai zaɓa," in ji Ya'u. "Mutumin da ke zaune bisa bencina yana shan shayin kyauta, mota ta wuce, ya ce a gaya wa direba ringin injinshi ya tafi. Ba mai sayar mashi da ƙarya."

Gaskiya ne, na yi haka. A da. Yanzu kunnen hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Gurnanin inji ina jinsa, don shi mai kauri ne. Muryar mutum ce ke kuɓuce mani. Ban gaya wa kowa ba. Baki nake kallo. In ban gane ba sai in ɗaure fuska, mutane su ce halinsa ne.

"Kawo wayar," na ce. "Ki zauna da shi. Ni kaɗai za ni."

Shagon Faruk na jikin tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya. Magidanci ne yanzu. Na gyara wa ubansa mota kafin a haife shi.

"Baba Isah da kanshi! Da tsufa za a fara jin waƙa?"

"Rufe mani baki. Fiddo masu kashe ƙara."

Ya fiddo uku. Ja mai fitilu a gefe kamar motar amarya, shi ne mai araha. Baƙi marar ado, matsakaici. Sai fari a cikin akwati mai zif, kuɗinsa biyun na baƙin. Ya yi ta bayani a kan caji da batir. Rabi na gani a bakinsa, rabi ya wuce. Ya haɗa su da wayar Mutmainna ɗaya bayan ɗaya, ya kunna saƙon Imrana.

Na sa farin. Murya kamar daga ƙasan rijiya. Na sa baƙin. Haka. Gumi ya fara zubo mani ta ƙarƙashin hula. Faruk na kallona, yana jiran hukuncin sarkin kunne.

Na sa jan. Muryar ta daki kunnena. "Baba, ina gaishe ka." Sarai. Na manta rabon da in ji magana haka.

"Wannan," na ce.

"Baba, wannan na samari ne fa. Ƙara gare shi kawai, amma ba ya..."

"Ni za ka koya wa sauti? Kana cikin zanen goyo nake sauraren inji. Ƙunshe."

Ya ƙunshe.

Da hannuna na sa wa Ya'u. Mutmainna ta kunna. Jikinsa ya zabura. Hannunsa mai lafiya ya fizge abin ya jefar, idonsa ya kawo ruwa.

"Isah, ganga ka kawo mani?"

Sai amai. Mutmainna ta tallafe shi ta goge masa baki. Da ya kwanta numfashinsa ya zama gajere. Ta ɗauki abin daga ƙasa ta sa a nata kunnen. Ta ɗan jima. Ta cire.

"Injin ma yana shigowa. Muryar kuma ta dagule."

Ba ta ma dube ni ba.

Na fita. Na yi azahar a masallacin bakin hanya, ban san abin da na karanta ba. Ina zaune bayan sallama ina kallon layin motoci, ina lissafin abu ɗaya. In Ya'u ya tafi yau, ya tafi bai ji ɗansa ba, kuma ni na jawo. Ba don ba a samu abin kirki ba. Don na ƙi buɗe baki a gaban ɗan da na girmi ubansa.

Na koma na sa matata Suwaiba ta shiga ta zauna da shi. Na kira Mutmainna zaure.

"Ɗauko abin. Tare za mu koma."

"To, Baba."

"Tsaya." Na dubi bango. "Ba ni ji."

"Na'am?"

"Na ce ba ni ji. Kunnen ya tafi. Kada ki sa in sake faɗa."

Ta sunkuyar da kai.

"Inji ina ji. Murya ba ni ji. Ni zan zaɓi shiru, ke ki zaɓi murya. In za ki yi mani magana, ki tsaya inda zan ga bakinki."

Faruk ya hango mu da jan abin a hannu, ya fara murmushi. Ya ga fuskar Mutmainna, murmushin ya tsaya.

"Jikin ne?"

"Jikin ne," in ji ta.

Ya karɓi jan. Ya turo mana baƙin da farin.

"Ba nan zan gwada ba," na ce. Na kwashe su na fita titi, suka biyo ni.

Akwai wata tsohuwar tirela a layi, ta ɗauko albasa, injinta na bugawa kamar zai faɗo. Na tsaya dab da shi. Direban ya leƙo. "Tsoho, lafiya?" Na ɗaga masa hannu. Na sa baƙin, Faruk ya danna mani maɓallin da ke gefe.

Gurnanin ya faɗa, kamar an kifa wa tukunya murfi. Na ɗora tafin hannu bisa ƙarfen motar don in tabbata ba kashe ta aka yi ba. Ƙarfen na rawa. Na cire abin, ƙara ta dawo. Na mayar, ta tafi. Sau uku na yi. Wannan karon ba zan yarda da gwaji ɗaya ba.

Na sa farin. Shi ma ya kashe, ya ɗan fi ma da kaɗan. Amma nauyi gare shi, kuma yana matse gefen kai. Mai ciwon kai da ke kwance ba zai jure shi rabin awa ba.

"Duk biyun suna kashewa," na ce wa Mutmainna. "Farin na matsa. Saura ke."

Ta tsaya nan jikin motar, ta ɗora su bisa hijabinta ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon fuskarta, don ita ce kunnena yanzu. A farin ta ɗan yamutsa goshi. A baƙin idonta ya cika.

Ta juyo inda zan ga bakinta. "Farin yana da kaifi. Baƙin kamar Yaya na tsaye nan."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"Sake ji."

Ta sake. "Shi ne, Baba."

"Rabin kuɗin farin na akwati ne," na ce wa Faruk.

"Akwati da suna, Baba. Baƙin na yin kwana biyu kafin caji. Ku tafi, ku tafi, Allah ya ba shi sauƙi."

Ban taɓa ganin nisan tasha da gida ba sai ranar. Gwiwa ta ƙi. Mutmainna na gaba tana waiwayena. Ni idona na kan ƙofar Ya'u, ko zan ga takalman mutane sun taru. Babu. Takalmin Suwaiba kaɗai.

Yana nan da rai. Da ya ga abu a hannuna ya kau da kai.

"Wannan ba ganga ba ne," na ce. "Ɗiyarka ta zaɓa. Ni rakiya na yi."

Ya dube ni ya daɗe. Ya bari na kwance rawanin na sa masa. Na danna maɓallin.

Goshinsa ya saki. Kafaɗarsa ta sauka bisa matashi.

"An kashe motocin?"

"Suna nan."

"Tau."

Mutmainna ta kunna saƙon a hankali. Ya rufe ido. Bakinsa ya fara amsawa, kamar yaron na gabansa. "Lafiya lau. Da sauƙi. Kai dai ka bi a hankali. Allah shi yi maka albarka." Ya ji duk shidan. Ya ɗaga yatsa a sake. Aka sake. Kafin na huɗu ya ƙare barci ya ɗauke shi, baki buɗe. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka har aka kira magariba. Ban ji kiran ba, Suwaiba ce ta taɓa ni.

Washegari da hantsi bango ya bugi bayana. Ba sau uku ba. Ba tsayawa.

Mutmainna ce riƙe da sandar. Numfashin Ya'u ya canza, yana ja yana tsayawa. Abin kunnen na bisa kansa. An aika kiran liman, bai iso ba. Ni ne babba a ɗakin, ni zan laƙƙana masa kalmar shahada.

Na tsaya da hannu a sama. In na bar abin, ba zai ji ni ba. In na cire, injin ya koma cikin kansa a ƙarshen numfashinsa. Motoci na nan a ƙofa, murfin kwano na rawa.

Na ɗaga ɓangaren dama kaɗai. Na kai bakina wurin, na kare da tafin hannu. Na faɗa. Ban san ko da ƙarfi na faɗa ko a hankali ba. Na sake. Leɓensa ya motsa. Na kai kunnena bakinsa, kunnen da ya yarda da shi shekara arba'in. Ban ji komai ba.

Na ɗago. "Ya faɗa?"

"Ya faɗa, Baba."

"Da kunnenki kika ji?"

"Na ji."

Na mayar masa da abin bisa kunne. Ba a jima ba ƙirjin ya tsaya. Kafin azahar mun kai shi. Imrana ya iso rana ta shida.

Bayan sadakar bakwai Mutmainna ta yi sallama a zaurena. Ta haɗa kaya za ta koma Riko. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye baƙin abin bisa tabarma a gabana.

"Baba ya ce a ba ka. Da safen ranar, kafin jikin ya juya. Ya ce in an ƙara murya za ka ji karatu a ciki."

"Ke kika gaya mashi?"

"A'a. Ya ce ya daɗe da sani. Shi ya sa ya daina kiranka ta katanga, ya koma buga bango."

Na dubi bangon. Wurin da nake jingina ya yi santsi.

"To don me ya aike ni?"

"Ya ce in ya aiki wani, za ka gane ya sani."

Na ɗaure fuska. Na tura abin gabanta da bayan hannu.

"Ɗauki kayanki. Ki ba Imrana. Ni ba ni buƙata."

Ta miƙe ta sa takalmi. Wata tirela ta matsa gaba a layi, ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashina. 'Yar fitilar da ke jikin abin na ƙyiftawa bisa tabarma, shuɗiya, tana ɗaukewa tana dawowa. Mutmainna ta kai bakin ƙofa, ta juyo, ta tsaya cikin haske inda zan ga bakinta.

"Ba zan ɗauka ba, Baba."