Ranar da Aka Dafa Ƙungiya

Malam Basiru na tsaye a ƙofar ɗakin da suke kira ofis, yana maimaita wa mata karatun da ya kwana uku yana koya musu.

"Idan baƙuwar ta ce ya gida, me za ku ce?"

"Alhamdu lillahi," suka amsa baki ɗaya.

"Bayan Alhamdu lillahin fa? Ku ce babu iri! Ku ce yunwa ta sa kun cinye!"

Matan suka sunkuyar da kai. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a firamare, bai taɓa haɗuwa da aji mai taurin kai irin wannan ba.

Watan Ƙungiyar Ajiyar Iri huɗu da kafuwa. Damina biyu ke nan ruwa na ɗaukewa da wuri, hatsi a kasuwar Dawanau kuwa sai dai kallo, har gidaje da yawa suka ci irin shukarsu. Shi ne Basiru ya bi gida-gida ya tattara abin da ya rage: farin wake tulu guda, an cuɗe shi da toka da ganyen darbejiya saboda ƙwari, an liƙe bakin da laka. Dukiyar ƙungiya ke nan kaf, sai allon suna. Wata gidauniya a Kano ta ce za ta turo a duba. In ta ga akwai buƙata, za ta ba da iri kafin ruwan fari. In ba ta gani ba, rabin gonakin garin bana ba za su ga shuka ba.

Da hantsi ya tafi bakin titin Minjibir ya tarbo wakiliyar, Malama Elizabet Dogo. Da suka shigo gari sai da ya yi salati. An share ko'ina tas, kowace mace ta ci ado da zanen sallarta, har da masu kwalli.

Elizabet ta durƙusa ta gai da Inna Kulu, wadda makullin ofis ke hannunta. "Inna, ya fama da rayuwa?"

"Lafiya lau, 'yata. Mu ai ba abin da muka nema muka rasa."

Basiru ya hau tari.

"Hure, ba Malam ruwa mana," Inna Kulu ta ce wa ɗaya daga cikin matan.

Aka shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, aka dire mata kwano cike da dafaffen wake, manja na ƙyalli a kai. Basiru ya fara mamakin wa ke da wake a garin nan, sai ya tuna da tulun. Ya sulale ofis. Tulun na nan, baki a fashe, ciki sai toka.

Ya tare Hure a bayan ɗaki. "Ƙungiyar kuka dafa!"

"Haba Malam. Mutum ya taso tun daga Kano, mu ba shi ruwa zalla? A je a yi da mu?"

Ya koma ya zauna kamar an yi masa duka. Da gaske kuka yake son yi, don waken nan har na marigayiyar matarsa a ciki, wanda ta shekara ashirin tana riƙe da irinsa.

Elizabet ta kai loma biyu, ta ajiye cokali. Ta daɗe tana kallon kwanon.

"Inna, waken nan akwai ɗacin darbejiya."

"Sau uku fa muka wanke shi," in ji Inna Kulu da sauri.

"Ba ya fita. Ni ma 'yar manomi ce, daga wajen Rimin Gado. Sau ɗaya mahaifiyata ta taɓa dafa mana irinsa, tana juyawa tana hawaye." Ta dubi Basiru. "Malam, ba sai ka nuna mini ajiyarku ba. Na san inda take."

Ta buɗe takardunta ta yi rubutu mai tsawo. Da ya raka ta bakin titi, sai ta rage murya.

"In buhunan suka iso, ka riƙe makullin da kanka."

Ya dawo da sassarfa zai yi albishir, ya tarar da Inna Kulu riƙe da kwanon, ranta a ɓace.

"Loma biyu kacal ta ci, Malam. Na faɗa wa Hure manjan ya yi kaɗan."