Karen Cikin Waƙar Darcy

"Mama, wai da gaske sato Rusty kika yi?"

Narelle tana ɗora burodi da madara a kan kantar shagon Bev lokacin da Tilly, 'yarta mai shekara shida, ta jefo tambayar da ƙarfi. Mutum huɗun da ke bayansu a layi duk suka koma kallon gwangwanayen wake. Rediyon shagon kuwa bai fasa ba, yana ta rera waƙar nan ta macen da ta gudu da jan kare, ta bar mawaƙi daga shi sai jita da butar shayi.

"Wa ya gaya miki haka?"

"'Yan ajinmu. Sun ce yau mai shi zai zo ya karɓe abinsa."

Bev ta rage muryar rediyon, amma kaɗan. "Ni dai, ƙawata, amshin ne kawai yake min daɗi."

Ga yadda aka yi. Shekara takwas da suka wuce, Darcy, saurayin Narelle na lokacin, ya tafi bikin mawaƙa a Tamworth, ya ce ta riƙe masa ɗan kwikwiyo na mako guda. Har yau makon bai cika ba. Ita ta kai karen allura, ita ta cire masa kaska. Ta auri Col mai askin tumaki, ta haifi Tilly, wadda ba ta iya barci sai Rusty na kwance a kan ƙafafunta. Yanzu waƙar nan da Darcy ya yi a kan karen ta yi wata uku tana kan gaba a gidajen rediyo, har direbobin manyan motoci sukan tsaya gefen titi su share hawaye. Jiya kuma manajansa ya bugo waya: Darcy zai yi wasa a bikin baje kolin dabbobin garin, yana so a miƙa masa karensa a gaban kyamara.

Col ya ce a ɓoye karen a gonar ƙanensa. Narelle ta ce ɓarawo ne yake ɓoyewa.

Da azahar ta kai Rusty filin biki, ta ɗaure shi a jikin shinge tare da karnukan kiwo masu jiran gasar kora tumaki. Jajaye tara ne a jere. Ta durƙusa ta gyara wa Tilly hula.

"Kada ki kira shi, kada ki dube shi. Kin ji ni?"

Darcy ya iso da farar malafa wadda gumi bai taɓa taɓawa ba, mai kyamara na biye da shi, rabin gari na biye da mai kyamara.

"Narelle," ya ce, hannu a ƙirji. "Na yafe miki."

"Madalla. Ga karenka can, je ka kwance abinka."

Darcy ya dubi shingen. Ya sake duba. Faratan Tilly suka nutse a tafin hannun uwarta. Can sai Darcy ya nufi karen da ya fi kowane sheƙi, ya zube a ƙasa, ya rungume shi.

"Rusty! Yarona! Ka gane ni?"

Tsoho Merv, mai tumaki dubu biyu, ya zare tsinke daga bakinsa. "Samari, wannan yaron naka watan jiya ya haifa min bakwai. Leƙa ƙasa ka gani."

Darcy ya leƙa, ashe mace ce. Dariyar da aka yi sai da ta firgita dawakin da ke can ƙarshen fili.

"Ai an daɗe," ya ce. "Kare yakan canja."

"Ba dai haka ba," in ji Merv.

Manajan ya sa tafin hannu ya rufe kyamara. Rusty kuwa yana can kwance a ƙarshen layi, ya yi ƙiba, gemunsa ya yi furfura, yana lasar takardar nama da wani ya yar. Ko kai bai ɗaga ba. Narelle ta kwance shi, ta miƙa wa Tilly igiyar, suka wuce ta gaban mai malafar zuwa rumfar masu kek.

Waƙar tana nan kan gaba a birane, inda ba a leƙa ƙasa. Amma idan hanya ta biyo da kai garinmu kuma ta taso a rediyon motarka, ka kashe ta kafin ka kai ƙofar makarantar firamare. Tilly ta iya jifa, uwarta kuma ba za ta hana ta ba.