Ƙofar Ɗakin Baba

Tun bara nake cewa ƙofar ɗakin Baba ba ta da lafiya, amma a gidanmu maganar auta iska ce. Ɗakin da can shago ne mai faɗin baki, aka toshe bakin da katako, aka sa ƙofa a tsakiya, don a riƙa fito da Baba a keken guragu tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Sai ƙofar ta fara cijewa. Yaya, wanda gidan ke hannunsa, ya ce damina ce, katako ya sha ruwa. Ya kira kafinta ya sassaƙe kanta. Rani ya zo, ta sake cijewa, aka sake sassaƙewa.

Na ce, "Yaya, katako ba ya ƙara tsawo fa. Abin da ke samanta ne yake saukowa."

Abin da ke samanta bim ne, doguwar kankaren nan da ta riƙe rufin, kuma daidai tsakiyarta Yaya ya jera tankunan ruwan gidan wankinsa. Na nuna masa tsagar da ta taso daga ƙasan bim ɗin, da jan ruwan tsatsa da ke bin ta. Ya dube ni sheƙeƙe.

"To injiniya, mun ji. Ginin da ya girme ki ne zai faɗi yau?"

Washegari aka cike tsagar da siminti, aka bi da fenti. Ta yi fes, har matarsa na yaba kalar. Ni kuwa takaici kamar in yi bindiga.

Ranar da abin ya faru na kawo wa Baba ruwan wanka da safe, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Na sa kafaɗa, ko gezau. Yaya ya ɗauko guduma. Ban tsaya gardama ba, na ruga gidan maƙwabcinmu, injiniyan gaske, na taso shi yana karin kumallo. Yana ɗaga kai ya ga yadda bim ɗin ya yi ciki, ya riƙe hannun Yaya.

"Kada ka kuskura! Katakon nan ne ya tokare rufin yanzu. Ka karya shi, komai zai sauko kan tsohon nan. A zubar da ruwan tankunan, a nemo mai walda."

Ta taga aka fitar da Baba. Mai walda ya yanke ƙarafunan tagar, tartsatsi na zuba kusa da gadonsa, shi kuma ba halin ya matsa. Unguwa ta cika maƙil a ƙofar gida. Yaya sai zagaye yake yana cewa, "Wa zai sani? Abu ba alama!" Wallahi ban taɓa jin na tsani ɗan'uwana ba sai ranar.

Maza suka shiga ta tagar suka naɗo Baba a zanin gado, suka miƙo shi kamar katifa. Mutumin da ko a tsakar gida ba ya zama ba riga. Gefen zanin ya maƙale a guntun ƙarfe, ya zame, ƙafafunsa da suka tsotse suka fito fili, da kunzugun da nake sa masa, wanda ko Yaya bai taɓa gani ba. Yara suka leƙo.

Baba ya runtse ido. Na kai kunne bakinsa, don maganarsa ba ta fita sosai.

Ya ce, "Auta, rufe ni."