Ƙwan Kwasakwasa

Duk bakin tafkin an san masuncin nan ba ya ga maciji da kwasakwasa. Kullum da safe yakan tarar da su sun ja sahu, suna dukan ruwa da fukafukai, suna koro kifi zuwa gaɓa, sannan kowanne ya zura jakar bakin nan tasa ya kwashe. Shi kuwa sai ya bi bayansu ya jefa komar kamun kifi, yana ja yana zagi.

"Ɓarayin banza, masu baki kamar buhu! Ni da wahala, ku da haɗiya!"

Rannan abin ya kai shi wuya. Ya tuƙa kwalekwale har tsibirin da suke kwanci, ya bi ƙwai da filafili yana fasawa, bai bar ko ɗaya ba. Tsuntsayen suka tashi sama, suka yi ta kewayawa, suka miƙa. Ba su sake dawowa ba.

Ya koma gida yana hura hanci. Matarsa ta ce, "Sannu, jarumi."

Washegari ya fita ya ga tafki shimfiɗa ɗaya, ko'ina ruwa ne kawai. Ya jefa nan, ciyawa. Ya jefa can, laka. Haka aka yi ta yi.

Da matar ta gaji da leƙa kwando wayam, sai ta ture kwandon da ƙafa.

"Maigida," in ji ta, "ashe duk shekarun nan su ne masuntan. Kai ɗan rakiya ne."