Mataji Ɗaya-Ɗaya

Ni na buɗe wa Baba shagon nan na intanet, kuma ni na rushe shi da bakina. Gara in faɗa da kaina.

Shekara talatin da ɗoriya Baba yana aikin kafinta. Da ciwon baya ya kayar da shi, likita ya hana shi ɗaga ko da kujera, sai ya bar wa abokin aikinsa rumfar ya dawo gida. Wata biyar bawan Allahn nan yana zaune a baranda yana kallon bango. A kawo abinci, ya ɗan taɓa ya ture. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza. Rannan na kwaso masa guntayen katako na ce matajina ya karye, ya yi min wani. Ya yi shi sumul, haƙoran nan a jere reras. Na ɗauki hotonsa na ɗora a intanet, na saita wayar Baba ta riƙa ƙara duk lokacin da aka saya.

Ranar da ta fara ƙara, sai da ya sa na karanta masa saƙon sau biyu.

"Uwata, wai wanda bai taɓa ganina ba ne ya biya?"

"Shi fa, Baba."

Ranar ya cinye abincinsa tas, har ya tsokani Umma wai gishiri ya yi kaɗan.

Abin da ban gaya masa ba shi ne rabon kamfanin da ake biyan kuɗin ta hannunsa. Suna yankar wani kaso, wannan da sauƙi. Amma akwai wani tsayayyen kuɗi da suke cira a kan kowane ciniki, babba ne ko ƙarami. Mai sayar da firiji ko a jikinsa. Mu masu mataji kuwa, in an haɗa, kwatan kuɗin ke tafiya aljihun masu kamfanin. Mutanen da ko ƙurar katako ba su taɓa shaƙa ba.

A wata na biyu ciniki ya mutu. Kwana tara waya shiru, Baba ya fara komawa kallon bango. Sai kuma kwatsam abu ya buɗe, uku yau, huɗu gobe, duk ɗaya-ɗaya. Maƙwabciyarmu mai kitso ce ke zuwa karɓa, wai na masu zuwa wajenta ne. Na ce mata, "Haba Anti, ga gida ga gida, ki haɗa kuɗin ki kawo a hannu mana, mu huta da yankan nan." Ta yi dariya ta ce kowa da wayarsa yake biya, ina ruwanta. Duk ƙarshen mako in ciro kuɗin in ba Baba, shi kuma ya miƙa wa Umma yana gyara murya: "Ga na cefane."

Wata Asabar da safe Umma ta aike ni ɗakinta in ɗauko zanin gado. Na ja akwatin da ba shi ba. Ina buɗewa sai ga matajai, an jera su cikin tsohon mayafi. Sun fi sittin.

Na same ta a kicin tana yanka albasa, na ajiye akwatin a gabanta.

"Umma, mene ne wannan?"

Ba ta musa ba. Ta ce kuɗin cefanen da yake ba ta, shi take kai wa mai kitso a sake saye da wayarta. Kuɗin suna zagayawa suna raguwa, kamar ruwa a bokiti mai yoyo, tana cikawa da na ɗinkinta. Da abin ya fi ƙarfinta ta sayar da 'yan kunnenta. Sai a lokacin na kalli kunnuwanta. Ni da muke gida ɗaya.

"To me ya hana ki saye goma a haɗe? Kin san abin da suke ci a kan kowane ɗaya kuwa?"

"Na sani. In an haɗa, sau ɗaya wayar za ta yi ƙara. Ke ba kya gida, ba kya ganin fuskarsa."

Ya kamata in rungume ta. Amma ni da zuciyata, sai na hau faɗa. Na ce wata uku tana ciyar da kamfani da gwal ɗinta, na ce babu mai sayen matajin nan sai ita, wa muke yaudara? Tana ta yi min alama da hannu in sassauta murya, ban gane ba sai da na ji tari a bayana.

Baba ne a bakin ƙofa, riƙe da matajin da bai gama gogewa ba. Ya dubi akwatin ya daɗe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce wa Umma, "Sannu da ɗawainiya." Ya ɗora matajin a kan sauran ya juya.

Washegari ya naɗe kayan aikinsa a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Na durƙusa na ba shi haƙuri ina kuka. Ya ce ban yi laifi ba, gaskiya na faɗa. Umma kuwa kwana uku ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan mako biyu ina wajen aiki saƙo ya shigo. Wata mata ce daga wani gari mai nisa, mataji goma sha biyu take so, ta biya, har da rubuta cewa wanda ta saya a watan farko ya fi duk wanda ta taɓa riƙewa. Na nemi izini na taho gida da sauri, na durƙusa gabansa ina nuna masa adireshin da sunan matar.

"Wallahi Baba wannan na gaske ne. Duba ka gani."

Ko karɓar wayar bai yi ba. Ya dafa kaina a hankali.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ki ce wa mahaifiyarki ta bari haka nan, ta gaji."