Kunnen Hagu na Injiniya

Injiniya da kunnuwansa yake cin abinci. Aikinsa haɗa sauti: a kawo masa muryar mai talla ko mai gabatar da shiri, ya share mata tari da ƙugin fanka, ya shimfiɗa mata kiɗa a ƙasa, ya mayar wa masu ita. Tun da aka rufe situdiyon da yake aiki ya kafa tebur a gida, a lungun da ke tsakanin wadrob da taga. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta, da hedifon da soson kunnensa ya fara ɓarewa, da wata 'yar amfilifaya kamar akwatin ashana mai ƙara wa hedifon ƙarfi. Yana ji da 'yar akwatin nan fiye da kima, ko 'yan biyunsa ba su isa su taɓa ta ba.

A sana'arsu, murya a tsakiyar kai take zama. Sai ga shi ta fara zamewa dama. Da farko ya tura ta hagu a kwamfuta har ta daidaita a kunnensa, ya aika wa wata mai gabatar da shiri aikinta. Washegari mai shirin ta kira shi.

"Injiniya, lafiya kuwa? Muryata duk ta koma gefe ɗaya."

Ya ba ta haƙuri, ya ajiye waya. Mahaifinsa ma da kunnen hagu ya fara, kafin ya kai sai an ɗaga masa murya. Injiniya ya yanke wa kansa hukunci cewa nasa ya zo. Don ya tattala abin da ya rage, sai ya riƙa rage ƙarar amfilifaya, kuma kullum ya rage sai hagun ya ƙara dushewa. Har a hira ya fara karkata kai yana miƙa wa mutane kunnen dama.

Abin haushin, gwajin ba shi da wuya. Juya hedifon kawai zai yi, na dama ya koma hagu, ya ji ko murya za ta bi shi. Shi da kansa ya sha koya wa mutane wannan. Amma duk sanda ya ɗaga hannu sai tsoro ya sauke masa shi, domin in amsar ta fito ba daɗi, sana'a ta ƙare ke nan. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Daga ƙarshe ya tattara kayansa a jaka ya nufi shagon Dogo, tsohon abokin aikinsa da ya koma sayar da kayan sauti. Shagon ɗan tsukuku ne, igiyoyi na reto daga rufi, kwalaye har bakin ƙofa.

"Amfilifaya mai ƙarfi nake so," in ji Injiniya. "Wadda ta fi kowacce ƙara."

"Kai da kake mana faɗan ƙara?" Dogo ya yi dariya. "Zauna. Ka san dokar shagon nan."

Dokar ita ce Dogo ba ya sayar wa mutum na'ura yana kallonta. Ya ce ido makwaɗaici ne, da ya ga ƙyalli sai ya rinjayi kunne. Sai mai saye ya juya baya ya fuskanci bango, shi kuma ya riƙa sauya na'urorin. Ya fito da biyu. Ɗaya ba ta wuce ɗan yatsa ba, irin wadda suke kira dak, mai karɓar sauti daga kwamfuta ta mayar da shi abin da hedifon zai iya rerawa. Ɗayar ta fi kauri, tana da batir, dak ce kuma amfilifaya ce a haɗe.

Injiniya ya fuskanci bango, ya sa hedifonsa. Dogo ya kunna muryar mai shirin nan, a ƙasa-ƙasa yadda Injiniya ya saba.

"Ta farko ke nan."

"Tana da tsabta," in ji Injiniya. "Amma kiɗan ƙasa ba shi da nama."

"Ta biyu."

Nan ya ji numfashin da matar ke ja kafin kowace jimla, ya ji gangar ta cika. Sai kuma ya lura da wani abu: muryar tana tsakiyar kansa daram, kuma a ta farkon ma can take. Bai yarda ba.

"Ta uku."

Murya ta sulale dama. Kunnen hagu ya yi dum, kamar an toshe da auduga. Injiniya ya runtse ido.

"Kashe, Dogo. Ba laifin na'urarka ba ne. Kunnena ne ya dawo da halinsa."

"Wane hali?"

"Na hagun ya tafi. Ya daɗe yana tafiya."

Dogo ya ce, "Biyu fa na fito da su. Juyo ka ga ta ukun."

Ya juyo. 'Yar akwatinsa ce a kan kanta, Dogo ya zaro ta daga jaka. Yana kallo Dogo ya murɗa abin ƙarar sama, murya ta rarrafo tsakiya. Ya mayar ƙasa, ta sake gudu dama.

"Abin murɗawar ne ya cinye," in ji Dogo. "In ya tsufa, a ƙasa ba ya raba wa kunnuwa daidai. Kai kuma kullum ƙara ƙasa kake yi da shi."

Sai a lokacin Injiniya ya cire hedifon ya juya shi. Murya ta koma hagu, ras, cikin kunnen da ya riga ya yi wa ta'aziyya. Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye, bai kuma ji kunyar share su ba. Ya yi hamdala, ya riƙe hannun Dogo ya kasa saki.

"Allah ya saka maka da alheri. Ba ka san abin da ka sauke mini ba."

"Amin. Amma ka je likita ya duba, shekaru ba wasa ba ne. Wacce za ka ɗauka?"

Ya ɗauki mai batir.

Da ya isa gida 'yan biyu ba su taso daga makaranta ba. Ya zauna a doguwar kujera, matarsa ta zo da rigar makaranta da allura za ta ɗinke maɓalli. Ta zagaya ta bayansa ta zauna a damansa. Ya bi ta da kallo. Tun aurensu a hagunsa take zama, gefen taga, saboda haske. Ya yi ƙoƙarin tuna yaushe ta sauya, ya kasa.

"Maman 'yan biyu, me ya raba ki da wajen taga?"

Ba ta ɗago daga ɗinkin ba. "Na ga kana juyo da kai in ana magana. Na ce in ka shirya za ka faɗa."

Ya daɗe yana kallon yadda take laluben ramin maɓalli a wannan gefen mara haske. Godiya ta cika masa ƙirji. Ya matsa ya buɗe mata wurinta.

"Dawo nan," ya ce. "Akwai labari, kuma da wannan kunnen nake so in ji abin da za ki ce."